Ƙahon Octave a Bikin Hamsin

Ni Eulalie, leɓɓan Octave na aura, sauran jikin gyara aka yi mini. Na gane haka tun ina amarya a unguwar Treme. Mutumin nan ba ya shan abu da zafi, ba ya cin barkono ranar wasa, sumba ma sai ya ga dama, wai kada leɓe ya kumbura. Na haƙura, domin in ya ɗora ƙahon nan a baki, ko shanya nake yi sai na tsaya da rigar a hannu.

Bara aka cire masa haƙoran gaba aka sa na roba. Mai busa kuwa a kan haƙoran nan yake jingina bakin ƙaho. Tun daga ranar gidanmu ya yi tsit. Yakan shiga ɗakin baya ya rufe ƙofa, in ji wani abu kamar tayar keke tana sacewa, sai shiru, sai ya fito yana neman abin da zai yi mini faɗa a kai.

Ana cikin haka wani kamfanin faifai ya tuno da ƙungiyar makaɗan su Octave. Faifan kiɗan jazz na farko da ƙungiyarsu ta yi ya cika shekara hamsin, za a sake fitar da shi, a haɗa da sabo da za a ɗauka a kan titi ana zagaya unguwa. Cikin waɗanda suka yi na farkon biyu suka rage, Octave da Alcide mai babbar ganga. Sauran mun raka su makabarta ɗaya bayan ɗaya, da kiɗa. Abin haushi ya ba ni. Ina kamfanin yake lokacin da mijina ke da haƙora?

Alcide ne ya kawo labarin, ranar Litinin, don ya san ranar nake dafa jan wake da shinkafa.

"Tsohon banza, ka ji an tuna da mu?" in ji shi, yana jan kujera.

"An tuna da ni dai," in ji Octave. "Kai ai ganga ce, ko jaki aka rataya wa zai buga."

"Na ji. To mai haƙoran aro, za ka iya kiran kuwa?"

Nan dariya ta yanke. A ƙungiyoyinmu ba mai taɓa abin kiɗansa sai babban mai ƙaho ya yi kira, busa gajeru biyu da doguwa ɗaya. Daga nan ganga ta amsa, sannan kowa ya shigo. Kiran Octave ne ya buɗe tsohon faifan, kuma da shi kamfanin ke so a buɗe sabon.

Alcide ya sassauta murya. "Ka bar wa Renard mana. Kai ka koya masa busa, yanzu har ya fara furfura. Kai ka sa ɗamarar jagoran jerin gwano ka shige gaba kana taku, kowa ya gan ka."

"Ɗamarar da ake ba wanda ya ƙare? Ka haɗo mini da akwatin gawa, ka huta zuwa sau biyu. Ci wakenka."

Daga ranar ya koma ɗakin baya da gaske. Ya sayo man manne haƙori iri-iri. Ina wanke hankicinsa ina ganin jini. In na ce, "Yana fitowa?" sai ya ce, "Zai fito." Wata safiya na ji busa ɗaya ta fito tas, kafin ta tsinke a tsakiya. Ni kuwa na riƙe wannan gam, don ba ni da wani abin riƙewa.

Ranar Lahadin da aka sa za a ɗauki faifan, rana ta buɗe, titi ya cika maƙil. Gwiwoyina ba sa son turereniya, sai na tsaya can baya cikin masu rawa, da laimata da farin hankici. Daga inda nake fararen hulunan makaɗa kawai nake hangowa. Aka yi shiru ana jiran kira. Shirun ya yi tsawo, har na ji jaririn wata yana kuka daga wani bene.

Sai ganga ta faɗo, ba kira. Na ce a raina, Alcide da gaggawar tsiya, ka tsufa ba ka daina ba. Amma kafin in gama zaginsa kowa ya shigo, kuma a saman su duka ga ƙaho ya tashi. Yadda yake jan wutsiyar sauti, kamar baƙon da ya yi sallama amma ya ƙi tashi, ba mai yin haka sai mutum ɗaya. Hawaye suka zubo mini. Na kama hannun matar da ke kusa, ban ma san ta ba.

"Mijina ne wannan! Kin ji shi? Da haƙoran roba fa!"

Na yi rawa har ƙarshen zagayen, na manta da gwiwa. A gida na rungume shi na yi ta zuba yabo. Ya shafa kaina kawai ya ce, "Na gode, yarinya." Na ɗauka gajiya ce. Bai sake shiga ɗakin baya ba, na ce ya huta abinsa, ya ci nasara. Alcide ma ya ɗauke ƙafa ranakun Litinin, na ce nauyin azarɓaɓinsa yake ji.

Bayan wasu watanni faifan ya fito. Ga hoton Octave a bangon faifan, ƙaho a baki, jijiyar wuya ta miƙe. Masu rediyo suka yi ta cewa tsoho ya nuna wa yara iyakarsu. Da aka aiko mana namu da safe, ko kofi ban ƙarasa ba na sa shi. Octave na zaune yana kallon taga. Da aka zo wurin da ƙahon ya tashi na ɗaga yatsa.

"Ga ka nan! Ko cikin mutum dubu ne zan tsamo ka."

Ya juyo ya dube ni.

"Da gaske kike?"

"Da wasa nake? Kai ma ka fiye son yabo."

"Eulalie, Renard ne."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Na ɗaga ƙaho, iska ce kawai ta fito. Na sake, iska. Alcide ya ga haka ya buga don kada a gane. Daga nan har ƙarshen titi yatsu kawai nake motsawa."

"Ƙarya kake, tsoho. Na ji ka da kunnena."

"Abin da kika ce ran nan ke nan. Na ce matar nan ta iya rufin asiri." Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi. "Mutanen kamfani ba su dame ni ba, ba su san ni ba. 'Yan rediyo ma haka. Na ce gari duka ya ruɗe, akwai mutum ɗaya da ta san ba ni ba ne, tausayina kawai take ji. Da wannan nake ta lallaɓa kaina."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na so in ce nisa ne, hayaniya ce, tsufan kunne ne. Amma ga faifan yana juyawa a ɗakinmu, ba hayaniya ba nisa, kuma har a lokacin Octave nake ji.

Na miƙa hannu zan kashe.

"Bar shi ya ƙare," in ji shi, ya mai da fuskarsa taga. "Ai kina jin daɗinsa."