Gidaje Goma Sha Huɗu Kafin Duwala

Ranar Lahadi Sa'ida ta zo unguwarmu New Bell, a nan Duwala, gaishe ni, abin da rabonta da yi tun Babbar Sallah. Ita ce 'yata ta fari, tana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare can unguwar Logbaba. Ta ce, "Baba, muna darasin ƙaurar mutane, littafin kuwa duk ƙididdiga ce, yara barci suke yi. Don Allah ka zo ka ba su labarin yadda Kaka ya zo Duwala."

Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun da matata Asta ta rasu, da rediyo nake hira. Kuma ni kaɗai na rage mai riƙe da hanyar babana. Shekara goma sha ɗaya ya yi tsakanin Bichi da nan, yana fataucin shanu, ya sauka a gidaje goma sha huɗu. Shi ba ya lissafa tafiya da ƙasashe, da masu masauki yake lissafawa. A kira sunan mutum, a faɗi abin da ya yi mana, a ce Allah ya jiƙansa, masu sauraro su ce amin. Kuma in an fara, ba a tsayawa a rabi. Yaya za a yi wa wasu addu'a a bar wasu? Na ce a raina, ga dama ta zo, Sa'ida za ta ji su duka, ko ta rubuta.

Da ranar ta zo, na sa babbar rigata, na hau babur a cikin yayyafi. Na tarar da yara kusan sittin, ga wata ƙatuwar taswirar duniya a bango, kibiyoyi ja da shuɗi sun cika ta.

Na fara da Malam Iro na Yola, wanda ya yi jinyar babana wata uku. Sa'ida ta juya da Faransanci, kalma biyar kacal. Haba! Wata uku a kalma biyar? Na haɗiye. Yara uku 'yan unguwarmu suka ce amin, sauran suka kwashe da dariya. Da labarin ya kai Garwa, Sa'ida ta matso kusa da ni. "Baba, shekaru da garuruwa kawai, lokaci yana tafiya."

"Garin ne ya ba shi tuwo, ko mutum?" na ce mata.

Ta yi murmushin nan na malamai, ta ɗauki alli ta ja kibiya guda daga Kano har bakin teku. Ina gida na shida, wajen Inna Hapsatu ta Tibati, aka kaɗa ƙararrawa. Kai, ka ga gudu! Kafin in rufe baki aji ya watse.

"Na gode, Baba. Ina da wani aji yanzu, za mu ƙarasa wata rana." Ta naɗe taswirarta ta fita da sauri.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya kawo ruwa. Amma saura gida takwas. Na gyara tsayuwa, na fuskanci bencinan da babu kowa a kansu, na ci gaba daga Yoko. Na kira su ɗaya bayan ɗaya har na iso Duwala, ina cewa Allah ya jiƙansa, ina amsa wa kaina amin.