Kwarmin da Ke Gurbin Oktoba

Rufinus ne ya sassaƙa sunayen watanni a jikin dutsen da ke bakin kasuwar Ostiya, wani gari kusa da Roma, ya ɗauka ya gama da shi har abada. Janairu na Janus ne, gunki mai fuska biyu, Maris na gunkin yaƙi, Yuli da Agusta kuwa na manya ne da suka daɗe a ƙasa. Sai ga umarni daga Roma cewa sarki mai ci ya ga dama, daga yau Oktoba zai amsa sunansa.

"Madalla," in ji Tertula matar Rufinus, tana zuba masa man zaitun a kan gurasa. "Ya gama ƙwace gidajen mutane, ya koma kan wata. Saura rana."

Kwana tara Rufinus ya yi yana kankare tsohon suna yana sassaƙa sabo, har da ado. Ba a jima ba aka daɓa wa sarkin wuƙa a ɗakinsa, kuma 'yan majalisar da suka fi kowa tafa masa yana raye su ne suka aiko a goge sunan la'ananne. Ya sake kankarewa, har gurbin ya yi kwarmin da tsuntsu zai iya yin sheƙa a ciki.

Yana mayar da tsohon sunan sai shugaban kasuwa ya tsaya a kansa. "Kai, Oktoba fa ma'anarsa na takwas, alhali shi ne na goma. Ba za ka gyara ba?"

Rufinus bai ko ɗago ba. "Ranka ya daɗe, a bar shi da kuskurensa. Takwas dai ban taɓa jin an daɓa masa wuƙa ba."