Taka, Riƙe, Saki

Shekara uku cur Auta ya yi yana gyaran birki, amma a danginsu babu wanda ya taɓa kawo masa ko keke. Motoci huɗu ne a zuri'arsu in an haɗa da ta mijin yayarsa, kuma duk ta ƙofar garejin suke bi su kai wa wani. In sun ga dama su danna masa hon, shi kuma ya leƙo daga ƙarƙashin motar mutane ya ɗaga musu baƙin hannu. Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Laifinsa ɗaya ne, ya ajiye alli. Shekara goma sha shida yana koyar da kimiyya a sakandare, har ranar da ya raka ɗalibansa wata ziyara, birkin bas ɗin ya ƙi kamawa a gangare. Da yake da sauran shan ruwansu a duniya, motar ta je ta kafe a yashi. Da ya leƙa ƙarƙashinta sai ya ga tiyon birki a ɗaure da igiyar roba. Yara arba'in da biyu a kan igiyar roba! Tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa a gaban allo ba. Zango na ƙarewa ya rubuta takardar barin aiki, ya je ya durƙusa gaban wani tsohon bakanike ya ce a koya masa birki. Birki kawai, ba ruwansa da inji, ba ruwansa da wayoyin wuta.

Inna, mahaifiyarsu, ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Har yau in baƙi suka tambaya sai ta ce yana nan yana fama da ɗalibai. Yaya kuwa, babban wansu, wanda ke da ofis da sakatare da waya biyu, bai tsaya fushi ba. Ya nemo masa gurbin koyarwa a wata makarantar kuɗi, za a fara ranar Litinin, kuma takardar ɗaukar aikin tana cikin motarsa mako uku ke nan. Auta ya yi ta zillewa har uzuri ya ƙare masa. Matarsa ma ta daina cewa komai, irin shirun nan da ya fi magana nauyi.

Ranar Alhamis da tsakar rana sai ga motar Yaya tana rarrafowa cikin garejin, ana jan birkin hannu ana saki. Yaya ya fito ya yi sharkaf da gumi. Inna tana baya riƙe da katin asibiti, daga wurin likitan ido suke. A mahaɗar nan ta kusa birkin ya shige ƙasa gaba ɗaya, saura ƙiris su hau kan wani mai baro. Ba son ransu ya kawo su ba, dole ce.

"Ina maigidan naku?" in ji Yaya.

"Sun tafi janyo wata babbar mota. Sai yamma."

"Babu wani babba a wurin?"

Auta yana da shekara arba'in da huɗu, furfura ta fara cin gemunsa. Ya haɗiye maganar, ya ce, "Ni ne dai, Yaya."

Suka tura motar kan ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Ya share wa Inna benci a inuwar rumfa, ta zauna a gefe-gefe tana tattare zaninta, tana kallon gwangwanayen mai da tsummoki kamar ta zo gaisuwar mara lafiya. Shi kuwa Auta ya ɗauko kayan aikinsa. Yau dai ga motar gidansu a hannunsa, ga Inna tana kallo. In birkin nan ya kama, yana da abin cewa ranar Litinin. In bai kama ba, sai ya je ya nemo tsofaffin rigunansa a goge.

Ciwon bai ɓoye masa ba. Tiyon tayar gaba ta hagu ya tsage, man birki ya tsiyaye ƙarƙaf. Cikin rabin awa ya sa sabo, ya cika ɗan tankin birkin da mai. Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo makulli, mun gode."

"Da saura, Yaya. Iska ta shiga bututun, sai an cire ta a duk tayoyin huɗu."

To, a nan gizo ke saƙa. Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaya yana kujerar direba, ɗaya yana rami. Na sama ya taka birki sau uku ya danne. Na ƙasa ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfar iska, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, bututun ya sake zuƙo iska, aiki ya koma ɗanye. Saboda haka na cikin rami ne ke ba da umarni, na sama sai biyayya.

Auta bai kai rabin wannan bayani ba Yaya ya ce, "Na gane, na gane." Auta ya san irin wannan na gane ɗin. Shekara goma sha shida yana jin ta daga kujerun baya.

Ya shiga rami da sifana da ɗan siririn tiyo da kwalba. Da wani ne a sama, kalma ɗaya zai riƙa jefawa. Amma Yaya ne, mutumin da ya goya shi, wanda ko sunansa bai taɓa kira ba. Harshensa ya ƙi.

"Yaya, don Allah a ɗan taka sau uku."

Aka taka.

"To, Yaya, in ba damuwa a ɗan riƙe haka nan tukuna."

Ya sassauta notin, kumfa ta fara bulbulowa cikin kwalba. Sai waya ta yi ƙara. Yaya ya karkace don ya zaro ta daga aljihu, ƙafa ta tashi, kumfar da ta fito ta koma inda ta fito. Auta ya rufe ido. Ya jira aka gama magana a kan wani taro da aka ɗaga, ya fito ya ƙara mai, ya koma.

Karo na biyu babu waya. Yaya da kansa ya ga birkin ya kai ƙasa, ya yanke hukuncin cewa an gama.

"Ai ya kai ƙarshe, me kuma zan riƙe?"

"Haka yake yi in na buɗe, Yaya. Sai na ɗaure tukuna."

"To ka riƙa sauri mana."

Karo na uku abin ya juye, na sama ya koma shi ke ba da umarni. "Zan saki, ka ɗaure." Kafin Auta ya gama jero "Yaya, don girman Allah a ɗan dakata," an riga an saki. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ya shekara ashirin yana cewa a yi, a bari, ƙafarsa ma ba ta iya jiran izinin wani ba.

Rana ta take. Ramin ya ɗauki zafi, man birki ya gangaro ta gwiwar hannun Auta har hammata, gumi yana shiga masa ido. Awa guda, taya ɗaya ba a gama ba. Yana jiyo Yaya a sama yana ce wa Inna, da murya irin ta wanda bai damu a ji ba, "Kin gani ko? Da wurin bakanikena ne da tuni muna gida." Ya san aikinsa, wallahi ya sani, direbobin manyan motoci daga nesa suke zuwa nemansa. Amma yau a gaban uwarsa ya zama kamar wanda ya fara jiya.

Karo na huɗu ya buɗe notin, mai ya fara fitowa garau, saura kaɗan, sai ya ga kumfa ta juya. Tura ta kai bango.

"Na ce ka riƙe! Kurma ne kai?"

Tirƙashi. Ƙofar mota ta buɗe, takalman Yaya masu sheƙi suka sauko suka tsaya a bakin rami.

"Ni kake ce wa kurma?"

Auta ya ɗago kai daga cikin ramin. Haƙuri ya kamata ya bayar, ya sani, amma haƙurin ya ƙi fitowa. Suna nan cirko-cirko, sai suka ji an ce, "Matsa, Babba."

Inna ce. Ta miƙa wa Yaya katin asibiti da jakarta, ta tuɓe takalmin ƙafar dama.

"Haba Inna, ke da ciwon gwiwa?"

"Shekara talatin ina taka keken ɗinki, da shi na ciyar da ku. Wannan ɗan ƙarfen ne zai gagare ni? Matso mini da kujerar gaba."

Ta shiga ta zauna, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta leƙo da kai ta taga. "Auta, sake faɗa mini." Ya faɗa tun daga farko, ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Wato ko me ake ciki, ba ni ɗaga ƙafa sai ka ce."

"Haka ne, Inna."

"To ka faɗa a gajarce yadda kake gaya wa kowa, ban da don Allah da don Annabi. Kuma kada ka ɗauka son aikin nan naka nake yi. Gida nake so in je."

Ya ƙara mai, ya koma rami. Da ƙyar kalmar farko ta fito.

"Taka."

Ɗaya, biyu, uku, a natse, babu gaggawa.

"Riƙe."

Ya buɗe, kumfa ta fito, ya ɗaure.

"Saki."

Ikon Allah! Sau huɗu suka yi a tayar baya ta farko, mai ya fito tas. Suka koma ɗaya tayar ta baya, sannan ta gaba. Muryarsa ta dawo daidai. Tunda ya fara aikin nan bai taɓa samun mai taka masa irin wannan ba. Yaya yana ta kai da kawowa a bayan mota, rungume da jakar mata, yana tsaki.

Suna kan taya ta ƙarshe. Auta ya ce taka, ya ce riƙe, ya buɗe, mai ya zubo garau babu ɗigon kumfa. Yana ɗaure notin ke nan sai ga farar takarda an zuro masa cikin rami.

"Fito ka karɓi wannan," in ji Yaya. "Na ga abin da zan gani."

Auta ya haura ta matakalar da ke bayan motar, sifana a hannu.

"An gama, Yaya. Shiga ka gwada birkin."

"Ba birki nake magana ba. Dubi kanka. Mutum da digirinsa yana birgima a rami, yana zagin yayansa, ya sa tsohuwa mai shekara saba'in aikin ƙarfi. Wannan ce sana'ar? Litinin, ƙarfe bakwai."

"Ba zan je ba."

"Ba za ka je ba?"

"Yaya, tiyon da na cire maka ya fi wata shida da tsagewa. Wanda kake kai wa motar bai taɓa leƙa shi ba. Da a babbar hanya ya fashe, da yanzu wani zancen ake yi. Wannan aikin fa rai ne."

"Kada ka yi mini lacca, ba a aji muke ba."

Nan fa suka shiga. Yaya ya tono kuɗin makaranta da aka sha wahala, da surukai da ke tambaya, da 'ya'yan Auta da za su tashi a ce ubansu bakanike ne. Auta ya mayar da abin da ya samu. Suka yi ta yi, murya na hawa. Can Yaya ya sassauta, ya kawo maganar da ya san ba ta da amsa.

"To bar ni. Ba don ni ba. Kai ka san wadda ta fi kowa kuka da ka bar koyarwa. Ka san kunyar faɗar aikinka take ji. Shekara nawa suka rage mata? Ka karɓa don ita."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Auta ya dubi takardar. Ya gaji, gajiya ta shekara uku. Ya goga hannunsa a wando, ya miƙa zai karɓi takardar.

Sai idonsa ya faɗa kan fitilun bayan motar. Jajayen fitilun birki suna kunne.

Ya yar da sifana ya zagaya da gudu. Inna tana nan yadda ya bar ta. Ta zame har bakin kujera don ƙafarta ta kai, ta ƙanƙame sitiyari, ta cije leɓe. Gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Ƙafar tana karkarwa tun daga cinya har yatsu, amma tana danne da birkin a ƙasa.

"Inna! Me kike yi? Ai an gama tun ɗazu!"

Ta juyo ta dube shi da idon da aka ɗiga wa magani da safe.

"Ba ka ce in saki ba."

"Da kin kira ni, Inna."

"Ina jin ku kuna ta haushi. Na ce ko notin ne ba ka ɗaure ba, in ɗaga in ɓata maka aiki. Kai ne bakaniken, ni me na sani?"

Yaya ya ƙaraso ya tsaya a bayansa, takardar tana hannunsa, babu wanda ya waiwaye ta. Auta ya durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Saki, Inna."

Ta yi ƙoƙari, ƙafar ta sage ta ƙi tashi. Sai da ya sa baƙaƙen hannayensa biyu ya ɗago mata ita a hankali.