A Fili Gare Wa?

"Ba zan rubuta ba, Farfesa."

Ya ɗago kai daga kundin bincikenta na lissafi, ya dube ta ta saman tabarau. Tsakanin wasu layuka biyu akwai mataki guda da ta kasa warwarewa, shi kuma ya ce ta sa kalmar Turancin nan, obvious, ta wuce abinta.

"Kin san ma'anarta kuwa? Abin da yake a fili, wanda ba ya buƙatar hujja."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni dai ban gan shi ba."

"To ko kalmar, ko hujjar. In babu ɗaya, babu sa hannuna."

Daga ranar ta tare a bakin tagar laburare. In ta daɗe tana kallon takardar, sai ɗan farin filin da ke tsakanin layukan ya yi ta faɗi har ya zama kogi, ita a wannan gaɓa, amsar a waccan, tana ɗago mata hannu. Wani lokaci lambobin su jeru kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki, tana miƙa biro su watse.

A gida yayanta ya sa mata suna Malama A-Fili.

"Malama A-Fili, an gano ɓataccen matakin? Kalma ɗaya fa! Ni ko a ba ni biron in rubuta miki."

"Yaya, da wannan rubutun naka kamar tafiyar kaza?"

Wata safiya mahaifiyarsu na zaune gaban keken ɗinki, zare ya ƙi shiga kafar allura. Ta lasa, ta murza, ya sake lanƙwashewa.

"Inna, ga kafar nan a fili."

"A fili gare ki, 'yar nan. Ni hazo nake gani. Zo ki zura mini."

Ta durƙusa ta zura. Ta jima tana kallon yadda zaren ke nitsewa cikin yadi ya ɓace, ya ɓullo a gaba. Ba ya tsallake ko'ina, ta ƙasa yake bi. Ta tashi ta koma ga takardunta.

Damina ta zo ta wuce kafin ta haye kogin. Da ta kai wa Farfesa shafukan, ya karanta a tsanake, ya ajiye.

"Kin ga dai gaskiyata ce."

"Gaskiyarka ce. Amma yanzu ni ma na gani."

Ya sa hannu. Sai dai an riga an yaye 'yan ajinsu, ta ga hotunansu da riguna da huluna a waya. Gurbin ƙaro karatun da aka yi mata alkawari an ba wata. Shekara guda cur ta tafi, da gurbin, a kan kalma ɗaya da ta ƙi rubutawa.