Jan Bangon Gogo

Duk Gangara an san ni da shafen ɗaki, an kuma san ba na son a koya mini aikina. Shi ya sa ranar da Gogo ta ce in zo in shafe mata nata, na ja mata kunne tun daga bakin danga: ni ke haɗa ƙasa, ita nata miƙo ruwa.

Gogo maƙwabciyata ce, Bafillatana. Ta tsufa a bukka tana bin shanu, sai da fari ya cinye garkensu sannan ɗanta Sajo ya gina mata ɗakin ƙasa a gefen gari. Saniya ɗaya ta rage mata, Wule, ja mai farin goshi, daga tsatson wadda aka ba ta ranar sunanta. Ita ma a bazarar nan ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Harawa ta ƙare, dusa ta yi wuya, Sajo ya ce zai kai ta kasuwar Cadawa tun tana iya tafiya da ƙafarta. Gogo ta roƙa, ta yi fushi, ta ƙi cin tuwo. Bai sauya magana ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Na fara shafe bangon da farar ƙasa, na bari ya sha iska. Sannan na dama jar ƙasa ruwa-ruwa, na tsoma tsumma ina murzawa a kewaye, yadda farin zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashin jan. Ban yi nisa ba Gogo ta fita tsakar gida, ta dawo.

"Tani, jan nan ya yi duhu."

"Jiƙe yake. Bari ya bushe ki gani, ke da kika san bango shekaranjiya."

Ya bushe, ta sake fita, ta dawo ta ce ya yi haske. Na ƙara ƙasa, ta ce a ƙara ruwa. Raina ya ɓaci, na jefa tsumman cikin ƙwarya.

"Wai mi kike zuwa dubawa waje? Bangon ga yana ciki!"

Ta sake fita. Na bi ta da ido ta ƙofa, sai na gan ta tsaye gaban Wule a turke, ta shafa jan a bayan hannunta, ta kara shi a jikin saniyar tana gwadawa. Ashe launin Wule take nema. Na ɗauki tsummana na koma bakin bango.

Daga nan ita ke faɗa, ni ina yi. Inda ta ce a ninka, na ninka. Can ƙasa ta sa na sassauta hannu, kamar cikin saniya inda gashi ke haske. A sama ta hana ni taɓa wani gurbi kamar faɗin faifai, ya zauna fari. Da na ɗauko ƙaro zan zuba don kada jan ya riƙa bin tufafi, ta riƙe mini hannu.

"Zai sa shi ƙyalli. Ita ba ta ƙyalli yanzu."

"Duk wanda ya jingina zai kwasa, Gogo."

"Wa ke zuwa ɗakina ya jingina?"

Ranar kasuwa Sajo ya kwance igiya da sassafe. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Inna, za mu tahi." Gogo ba ta fito ba. Wule ta yi kuka sau ɗaya a bakin hanya, mai jin kunya kamar ta san ba a son a ji. Ina tsaye a gidana da muciya a hannu, tausayin tsohuwar nan ya hana ni tuƙa tuwon kirki.

Da yamma na kai mata fura, don na san ba ta sa kome a bakinta ba. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga labule. Tana tsugune a gindin bangon yamma, wanda rana take duka tun azahar har ɗuminsa ya ratso ciki. Ta kafa goshinta a jikinsa yadda take yi in tana tatsa, ƙwaryar nono tsakanin gwiwoyinta, ba kome a ciki. Tana magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, irin wadda take yi wa Wule don ta saki nono.

Ta ji motsina ta juyo, goshinta duk jar ƙasa.

"Da ɗumi, Tani," ta ce. "Zo ki taɓa."

Na ajiye furar, na je na ɗora tafin hannuna. Da ɗumi kuwa.

Yanzu wurin ya koɗe, farin ya fito daidai faɗin goshi. Duk sanda na ga haka sai in dama jar ƙasa kaɗan in je in mayar mata, kuma ba na sa ƙaro.