Tarin Dattijo

Dattijon coci ya durƙusa gaban robar ruwan ɗumi yana naɗe hannun riga kamar wanda za a yi wa allura. Wa'azi ya so a ba shi, sai Fasto ya ba shi wankin ƙafa. A bayan tsohuwar tashar mota suke, inda marasa gida ke kwana a kan kwalaye. 'Yan coci na raba abinci da barguna, matarsa na tsaye a gefensa riƙe da tawul.

Wani dogo mai furfura da ake kira Kyaftin ya zauna a benci ya miƙo ƙafa. Dattijo ya duba ƙafar.

Takalmansa ne! Baƙaƙe, na fata, da igiyar da shi da kansa ya zura musu. Tun ranar da suka ɓace daga baranda ya daina gaisawa da maƙwabcinsa tela, wanda cocinsu ɗaya, don ya haƙiƙance shi ya ɗauke. Abin har ya bi shi cikin addu'a: da an zo inda ake roƙon Allah ya yafe mana yadda muke yafe wa wasu, sai Dattijo ya fashe da tari. Jama'a sun yi ta kawo masa magani. Shi kuwa ya san addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki, abin kuma yana cinsa a rai.

"Bawan Allah, ina ka samo waɗannan?" ya tambaya.

"Kai ma sun burge ka ko?" in ji Kyaftin. "Wata baiwar Allah ce ta ba ni. Ta ce mijinta ba ya sa su, bauta musu yake yi. Kullum gogewa, kullum shanyawa. Ta ce gara ta raba shi da gunki." Ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe. "Af, ai ga ta nan! Mama, yaya mai gunkin?"

"Yana nan lafiya," ta ce, tana ninke tawul ɗin da yake a ninke. "Yana gaishe ka."

"Maman yara," Dattijo ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ruwan zai huce, Baban yara."

Ya zare takalman da niyyar ya tura su bayansa, in ya so a yi duk wadda za a yi. Sai ya ga tafin ƙafar. Wani dogon tabo ne tun daga dunduniya har yatsu.

"Kwalba ce," in ji Kyaftin. "Da can ko tsayuwa ba na iyawa, balle dako. Yanzu ina fita aiki. Wallahi kullum sai na yi wa mutumin nan addu'a Allah ya shirye shi."

Kunya ta rufe Dattijo, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Ya wanke ƙafafun a hankali, har tsakanin yatsu, ya tsane su. Ya mayar da takalman, ya ɗaure igiyar. Amma hali ya ƙi bari: sai da ya goge kan na hagu da hannun rigarsa.

"Ka riƙa sa musu mai," ya ce.

"To fa! Kai ma kana da ciwon?"

Da yamma aka tsaya a da'ira don addu'ar rufewa, tela na gefensa. Ana dab da wurin roƙon yafiya, telan ya laluba aljihu ya miƙo masa alewar tari, yadda ya saba yi kowace Lahadi, Dattijo yana kau da kai.

Tarin bai zo ba. Dattijo ya faɗi kalmomin duka, da ƙarfi, har Fasto ya buɗe ido ɗaya. Sannan ya karɓi alewar, ya riƙe hannun da ya miƙo ta.

"Ina kwana, maƙwabci," ya ce, ko da yake rana ta kusa faɗuwa.