Jiƙaƙƙen Cokali a Tulun Dadi

Shekara ɗaya tak Abbu, mahaifina, ya ba ni. Na faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon lauya bara, ya ce in na sake faɗuwa bana, to ga shagon yadinsa a kasuwar garinmu Bhopal, ga almakashi.

Abin da ke kayar da ni iri ɗaya ne. A ba ka hujjar wani, a jero amsa huɗu, a ce wacce ta fi ƙarfafa ta. Ni kuwa sai in zaɓi wadda ta fi kama da gaskiyar duniya. Kullum jan biro. Har kuka na sha a kai, wallahi.

Ran nan da damina ina kan soro da littafi, sai na ji salatin Dadi, kakata. Acar ɗinta, ɗanyen mangwaron da take jiƙawa a mai da yaji duk bazara, ya yi fumfuna. Tulu guda!

"Man Munnalal ne," in ji ta. "Shekara arba'in ban taɓa asara ba, sai bana da na canza mai mai na koma wurinsa."

Na ce, "Gaskiyarki, Dadi, 'yan kasuwar yanzu ba tsoron Allah."

Ta harare ni. "Ke Nikhat, da wannan za ni ƙofar mutum? Ya ce min shi yana tsoro, in ce me? Lauya ta gangan!"

"To me kike so in ce?"

"Abin da zai fara tambaya. Hajiya, ba wanda ya sa jiƙaƙƙen cokali? In na ce ba wanda ya buɗe tulun sai ni, maganata ta tsaya da ƙafarta. In akwai, ta faɗi."

Abu biyu suka faɗo min lokaci guda. Na farko, ashe abin da takardar ke nema ke nan. Ba ruwanta da zance mai daɗi, so take ka gano ƙofar da za a shigo wa hujja, ka toshe. Na biyu kuma, ni ce mai cokalin. Kwana goma ina ɗiba bayan na wanke kwanuka.

Ta ɗauki mayafi za ta fita. Na ce, "Dadi, ki bar bawan Allah. Ni ce."

"Af! Da ina zaton sai na kai bakin titi za ki furta, kwaɗayayya. Ga man nan a littafinki."

Ranar jarrabawa, watan Disamba, aka kawo hujjar wani mai cewa sabuwar rijiya ce ta jawo ciwon ciki a wani ƙauye. Amsa ta farko ta ce ruwa marar tsabta na kashe dubbai. Gaskiya ce, har hannuna ya tafi. Ta uku ta ce ba abin da ya canza a cin mutanen da shansu sai rijiyar. Na yi dariya ni kaɗai, mai gadin jarrabawa ya ɗago kai. Tambaya shida irinta, duk cokali na nema.

Na samu gurbi. Abbu ya raba alewa layi guda, yana ta gode wa malaman darasi. Ni na san wadda zan gode wa, na je na rungume ta ina hawaye, tana ture ni wai na cika zafi.

Ranar tafiya makaranta, bayan wata bazarar, ta ɗaure min ƙaramin tulun sabon acar a tsumma, ta zaro sabon cokali, ta goge shi tas da gefen mayafinta, sannan ta miƙo min.

"Bana ba ki ci na sata ba," in ji ta. "Wannan naki ne, lauya."